Inna Ta Zubar Mini da Gansakuka

Daren Laraba, Alelu

Har yanzu idanuna a kumbure suke. Na dawo daga makaranta na tarar Inna ta zubar da gansakukata, ta dirje bahon da take ciki da toka har yana ƙyalli. Tun farkon zango nake renonta, don Malama ta zaɓe ni in je gasar kimiyya a Aliero in bayyana yadda ake samun leda mai ruɓewa daga jikinta. Ni da ko hannu ba na ɗagawa a aji!

Na fashe da kuka. Inna ta ce, "Ke ɗiyar ga, baƙi su iske koren ruwa tsakar gidana? Mi za su ce da ni?"

Ban ga laifinta ba. Da na yi mata bayani sai ta ce, "Leda wadda akuya za ta ci ba ta mutu ba?"

Na ce wataƙila, in an dace.

Gobe za ta raka ni kududdufi mu ɗebo wata. Ko za ta yi kauri kafin gasar, Allah masani. Sharaɗinta guda: in aje bahon bayan rumbu, wanda ya tambaya in ce maganin kaji ne.