Allurar Duduwa ta Biyu

Zuwa ga ƙanwata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar taki? Mu nan lafiya lau.

Bayan haka, sakamakon jinin Duduwa ya fito. Kin tuna na ɗebi jininta ranar da na yi mata allurar sanƙarau, na sake ɗiba bayan wata guda don a ga ko jikinta ya karɓa. Ya karɓa, amma kaɗan. Likita ya ce haka kan faru ga yaron da aka haifa da ƙwayar kanjamau, ko da yana shan magani, shi ya sa ake yi musu biyu. Ranar ta biyun tana rubuce a bayan katinta. Ki kawo ta.

Ki gaida kowa.
Yayarki

Ƙanwata,

Ina gaisuwa, ina fatan gida lafiya. Wasiƙarki ta iso.

Kin ce 'ya'yanki uku allura ɗaya aka yi musu, in aka ware Duduwa da ta biyu maigidan zai nemi dalili. Shekara huɗu ke nan kina ce masa ƙwayoyin da take sha na ƙarin jini ne, don kada ya ce a fitar masa da marainiyar ɗan'uwanmu daga gida. Na gane. Amma ciwon sanƙarau ba ruwansa da wannan. Makon jiya an kwantar da yara biyu a ɗakin ƙarshe na asibitinmu, wuya a sandare. Ɗaya ya warke, sai dai ba ya ji. Raina ya ɓaci da ke, gara in faɗa.

Allurar tana firij, na rubuta lambar Duduwa a kwalin.
Yayarki

Ƙanwata,

Gaisuwa da fatan alheri. An yi wa Duduwa allura ranar Talata, ko kuka ba ta yi ba.

Mijinki ne ya kawo ta. Na san ya ce miki shago za ta raka shi. Ya zauna a benci, katin a aljihun riga, har layi ya zo kansu. Da na tambayi yarinyar lokacin shan magani, shi ya amsa, bakwai na safe. Ashe sanda kika yi tafiya bara, kika bar wa maƙwabciya sallahu, ta manta sau biyu, shi ya ba Duduwa maganin. Ya ce shekara uku ke nan da ya kai wa mai kemis ƙwaya ɗaya ya tambaya. Ke ma dai, mutumin da ke wuni yana gyaran agogo kika zata ba ya lura.

Ya roƙe ni kada in gaya miki, wai yana jira ki faɗa masa da bakinki. Ban yi masa alkawari ba.

Za a sake ɗiban jini bayan wata guda. Ku zo tare.

Taki har kullum,
Yayarki