Safiyo Ya Ga Fadamarmu da Rani

Daren Laraba, tsakiyar rani, 1976

Alhamdu lillahi, fadamarmu ta bayan Kawo ta tsira! Da damina safiyon gwamnati, mai awon filaye, ya zo, ya ga ruwa kwance, ya rubuta wai wurin banza ne, a cike a gina sito. Na sha sintiri ofishinsa, sai yau ya biyo ni. Ya tarar jigo na aiki, ga albasa, ga tumatir, ga shanu a mashaya. Baba Tanko, dattijon masu lambu, ya ce masa, "Ranka ya daɗe, miyar gidanka ma daga nan take fitowa." Safiyon ya zaro biro ya soke rubutunsa a gabanmu.

Takalmina ya tsinke a taɓo, ƙafa ba takalmi na dawo gida. Ko a jikina.