Ƙofar da Baba Ya Rufe

Zuwa ga ƙanwata abar ƙaunata, Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara, Ya kuma ƙara miki juriya a kan aikin asibitin nan da ba ya barin ki ki huta. Mu nan lafiya lau muke, sai kewarki. Baban yara ya samu sauƙin ciwon bayansa har ya koma aiki. Mai-sunan-Mama ta fara haƙori, duk wanda ya ɗauke ta sai ya sha cizo. Gwaggo tana nan da kukan gwiwa, amma da an ce kasuwa sai gwiwar ta warke.

Na zaɓi in rubuto miki maimakon waya, don na san halinki, in na fara magana ba za ki bari in kai ƙarshe ba. To, ki fara riƙe wannan: Baba lafiyarsa ƙalau, ko ƙwarzane babu a jikinsa. Gobara ce ta tashi a gidansa makon jiya. Ta cinye ɗakin ɗinkinsa, amma iyakarta ke nan.

Kin san tun rasuwar Mama muke fama da shi ya dawo wurina, yana cewa shi ba buhu ba ne da za a ɗauka a ajiye. Ga kunnen nan ya ƙara nauyi, sai kin tsaya a gabansa yana kallon bakinki. Watannin baya na ji cewa 'yan kwana-kwanan unguwarmu suna zagaya gidajen tsofaffi masu zama su kaɗai, su duba wayoyin lantarki da tukunyar gas, su maƙala ƙararrawar hayaƙi. Na je na roƙe su, suka zo. Baba ya tare bakin ƙofa, ya ce shi bai kira kowa ba, kuma tun kafin a haife su yake guga bai taɓa ƙona ko hannun riga ba. Kunya ta kama ni kamar in nutse.

Babbansu wani dattijo ne mai furfura a gemu, abokan aikinsa suna kiransa Sannu-sannu, sunan kuwa ya bi shi. Bai yi musu ba. Ya nuna aljihun rigar aikinsa da ya ɓalle, ya ce tun da Allah Ya kawo shi ƙofar tela, ko za a taimaka masa. Baba ya ja rigar ya duba, ya ce wanda ya yi wannan ɗinki bai ji tsoron Allah ba, ya ce ya shigo. Yana ɗinki mutumin yana zaune daf da shi, fuska da fuska, yana magana a hankali yadda Baba zai karanta bakinsa. Kafin aljihu ya kammala, an duba gidan kaf. Da yake Baba ba zai ji ƙara ba, sai suka sa masa irin ta masu nauyin kunne, mai fitila da ke walƙiya, da wani ɗan faifai da ake turawa ƙarƙashin matashi, in ya ji hayaƙi sai ya girgiza. Baba ya raɗa mata suna Magulmaciya. Sannu-sannu ya ce masa in wuta ta tashi kada ya tsaya ɗaukar komai, ya rufe mata ƙofa, ya fita, ya tashi maƙwabta. Har sai da ya sa Baba ya taka daga gado zuwa titi yana gunaguni, daga baya kuma ya sake dawowa ya gwada na'urar.

Ranar da abin ya faru, Baba yana guga bayan azahar aka ɗauke wuta. Ya manta bai zare dutsen gugar ba, ya je ya kwanta, wuta ta dawo yana barci. Ya ce mini da matashin ya fara rawa, ya ɗauka Mama ce take girgiza shi kamar yadda ta saba. Da ya faɗi haka sai da na juya baya na share ido. Ya tashi ya ga fitila tana walƙiya, ya leƙa ɗakin ɗinki ya tarar tarin ƙyallaye ya kama, harshen wuta yana lasar labule. Ga keken ɗinkinsa can ciki, keken da ya ciyar da mu ya kai mu makaranta. Ya ce ƙafarsa ta yi taku ɗaya wajen keken ba da izininsa ba, sai ya ja ta baya, ya jawo ƙofar ya rufe. Maimakon ya sauka, sai ya hau bene da sandarsa ya yi ta dukan ƙofar matar direba, maƙwabciyarsa da ke zaune a samansa, wadda ta haihu kwanan nan, tana barci da jaririnta. Ita ta kira 'yan kwana-kwana, suka sauko tare, ita riƙe da jariri, shi riƙe da hannunta.

Ina isa na tarar an kashe wutar, titi duk ruwa, Baba yana zaune a kan dakali an lulluɓa masa bargo. Sannu-sannu ya ce mini ba don ƙofar nan da aka rufe ba, da hayaƙi ya cika matakala kafin su iso, kuma matar da jaririn ba su da wata hanyar sauka. Abin da ya fi burge ni, babu wanda ya yi wa Baba faɗa a kan dutsen gugar. Shi da kansa ya faɗa, kansa a sunkuye, Sannu-sannu ya ce mantuwa ta kowa ce, shi ya sa ake sa ƙararrawa. Keken dai ya tafi, Auta. Baba ya daɗe yana kallon ƙarfensa.

Washegari 'yan kwana-kwanan suka dawo suka bi layin gida-gida, kuma gani ya kori ji, duk wanda a da ya rufe musu ƙofa yanzu shi ke jan hannunsu. Wata mace a cikinsu ta tara mu a filin makaranta, ta kunna wuta a kaskon mai, ta nuna mana cewa murfi ake kifawa, ba ruwa ba. Ni ma na gwada, Gwaggo tana yi mini dariya. Yanzu in za su gidan wani tsoho mai taurin kai, Baba suke ɗauka ya shige gaba, da tsohuwar zuma ake magani. Wai shi ne yake gaya wa tsofaffi su daina gardama. Baba fa!

Na san abin da za ki ce, a ɗauke shi daga gidan, kuma tsoronki ba na banza ba ne, ya yi mantuwar da gaske. Ni ma na kwana da shi a raina. Amma na ga mutumin da ya bar kekensa ya hau bene don ɗan wani, ban ga wanda za a ɗauke kamar yaro ba. Na samo masa dutsen guga mai kashe kansa, matar direba ta karɓi mabuɗin ɗakinsa don ta riƙa leƙa shi, ni kuma kullum ina biyawa. Ina ganin mu bar shi a ɗakinsa. In kin kira shi, don Allah ki sassauta.

Shi ma ya ba ni saƙo. Ya ce in tambaye ki, a dogon benen nan da kuke zaune, in wuta ta tashi ta ina za ki sauko masa da jikokinsa. Ya ce kada ki ba shi amsa sai kin taka matakalar da ƙafarki, ke da su, har ƙasa.

Ki gaishe mini da maigidanki, da Babban-yaya, da 'Yar-lele, ki shafa mini kan Ƙarami. Gwaggo da baban yara suna gaishe ku. Allah Ya tsare mu da tsarewarSa, Ya sada fuskokinmu da alheri.

Taki har kullum,
Yayarki