Tafin Hannun Jamila

Asabar, 9 ga Agusta, 2025

Haulat ta sake cinye mini tsakar gida. Na fito shanya na tarar ta jingina manyan zane-zanenta a bango suna shan iska, igiya ma babu hanyar zuwa gare ta. Ja, baƙi, da wani ruwan ɗorawa mai kama da kashin jariri. Na sa tabarau na duba tsakani da Allah. Babu mutum, babu itace, babu ko akuya. Na ce mene ne wannan? Ta ce, "Gwaggo, ba hoton komai ba ne. Abin da kika ji in kin kalla, shi ne." Na ce to abin da na ji ciwon kai ne.

Shekara uku a sashen zane na kwalejin ilimi, ga abin da aka samo. Wai zane marar siffa. Ita da abokanta matasa sun cika waya da shi, kowa ya watsa fenti a yadi ya raɗa masa suna mai nauyi. An ma zaɓe ta baje koli a Kaduna cikin Oktoba. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina koyar da tarihi, na san shirme idan na gan shi.

Amma ba ita na fi jin haushi ba. Ubanta ne, ƙanena Haliru. Yarinyar nan tana 'yar sakandare ta zana fuskar Innarmu da fensir, har tsagar gefen kuncinta, har yadda take matse ido in za ta yi faɗa. Ya yayyage shi a gabanta, ya ce ranar lahira za a ce ta hura masa rai. Daga ranar ba ta ƙara zana abu mai numfashi ba. Shi ya koro ta daga fuska ta faɗo cikin wannan.

Talata, 12 ga Agusta

Jamila, 'yar Mairo maƙwabciyata, kullum tana nan tun da aka yi hutu. Shekararta biyar, bakinta ba ya rufuwa. "Anti Haulat, wannan mene ne? Anti Haulat, ki ba ni ja." Yau Haulat ta tsoma hannunta a ruwan ɗorawa ta manna a tsakiyar babban zanen, wanda za a kai Kaduna. Mairo ta shigo nemanta ta ga riga ta ɓaci, ta ce, "Malama, kin ga abin da ɗiyarki ta yi ma tawa? Ke za ki wanke!" Tana dariya ta faɗa. Har ta tsaya ta ƙirga 'yan yatsun.

Tafin hannun nan kaɗai ne abin da na gane a duk zanen.

Lahadi, 17 ga Agusta

Ruwa tun jiya. Kwatar lungunmu ta cika ta tsaya, kore shar. Unguwarmu, Ƙofar Kwaya, ta zama gidan kiwon sauro, kowa na tsallakewa yana cewa sai haƙuri.

Laraba, 20 ga Agusta

Jamila ba ta zo ba kwana biyu. Na leƙa, jikinta kamar garwashi. Mairo ta sayo magani a kemis, yarinya na amayar da shi. Na ce asibiti. Audu, ubanta, yana goge babur ɗinsa na acaɓa, ya ce, "Insha Allahu gobe, Malama." Na tsani kalmar gobe a bakin namiji.

Alhamis, 21 ga Agusta

Ta fara jijjiga, idanu sun kakkafe. Uwar Audu ta iso daga ƙauye, Hajiya Sa'adiya, doguwa, busasshiya, carbi a wuya. Tana zaune a kan yarinyar sai yarinyar ta fara sambatu: "Anti Haulat, Anti Haulat." Tsohuwa ta ce wace ce Haulat? Aka faɗa mata. Aka ba ta labarin hannu.

Sunan wa ake so ta kira? Wadda ke ba ta fenti da biskit za ta kira mana. Amma na ga yadda tsohuwar ta daina jan carbi.

Juma'a, 22 ga Agusta

 Bari in rubuta abin da ya faru.

Bayan an sauko daga masallaci suka zo, tsohuwar a gaba, mata a bayanta, Mairo can ƙarshe ta rufe fuska da mayafi. An yi sallama, an gaisa, har an tambaye ni ruwa da gajiya. Sai tsohuwar ta ce, "Malama, ba faɗa ya kawo mu ba. Ɗiyarki ta kama kurwar jikata ta liƙe ga allo. Ta zo ta tsallake ta sau uku ta sake ta, shi ke nan, mu yi ta zumunci."

Mayya. Ba ta faɗi kalmar ba, ba ta bukata.

Ban san duk abin da na ce ba. Na san na ce zazzaɓin sauro ne, kwatar ƙofar gidansu ce mayyar. Na ce Turawa sun ƙona dubban mata a kan irin wannan jahilcin, yau jikokinsu kunya suke ji. Tsohuwa ta dube ni kamar ina yaren aljanu ta ce, "Mi ya haɗa ni da Turawa? Ciwon nan ba na asibiti ba ne. Allura ta shiga jikinta, an gama. Ba inda za a kai ta sai an tsallake." Na kore su na sa sakata.

Abin dariya, in akwai dariya: yarinya ta bar zanen mutane don tsoron Allah, yanzu abin da ta koma yi ne aka ce tsafi. "Ko ba ki ga ba ya kama da komi ba? Mutum mai gaskiya ya zana abin da ba a ganewa?" Wata cikin matan ce ta faɗa daga bayan tsohuwar. Kalmomina ne na kwanan baya, an canza musu zani.

Na zaunar da Haulat na ce, ki saurare ni da kyau. Ranar da kika ɗaga ƙafa a kan yarinyar nan kin amsa ke mayya ce. Ba ya wankuwa. Babu mai aurenki a garin nan, 'ya'yan da ba ki haifa ba za a ce a nono suka sha. Ba za ki ba. Na rantse ba za ki ba. Ta ce, "Gwaggo, to Jamila fa?" Na ce Jamila tana da uwa da uba.

Haka na ce. Ita kuma ta ce, "To."

Asabar, 23 ga Agusta

Ta je.

Da hantsi na tafi gidan mai unguwa kai ƙara, aka ajiye ni a zaure ina jiran ya gama da masu rikicin fili. Na dawo na tarar lungu cike, kurkura mai ƙafa uku tsaye a ƙofar gidan Audu, inji na aiki. An ce mini Haulat ce ta kira kurkurar tun kafin ta shiga gidan. Ta ce wa tsohuwar, "Zan tsallake, amma ina saukewa asibiti za a wuce. Ki rantse." Tsohuwar ta rantse, ta ƙara da cewa a ba ta hannun. Haulat ta dawo gida ta sa reza ta yanke wurin daga zanen ta miƙa mata.

Da idona na ga ƙarshen abin. An shimfiɗe yarinyar a tabarma a tsakar gida, Haulat ta tattare siket, ta tsallaka, mata na kabbara. Yara a kan katanga. Wani ɗan iska yana ɗauka da waya. Ta sunkuya za ta ɗauki yarinyar, Audu ya ture hannunta ya ɗauka da kansa.

Da ta shigo gida na mare ta. Tun da Haliru ya kawo mini ita ban taɓa ba. Ba ta yi kuka ba, ta ce, "Sun tafi dai, Gwaggo."

Lahadi, 24 ga Agusta

Ba mu yi magana ba. Ta dafa, na ci.

Laraba, 27 ga Agusta

Jamila ta farfaɗo. Zazzaɓin ya hau mata kai, an yi ƙarin ruwa da allurai, likita ya zagi Audu tas, ya ce saura ƙiris.

Kuma me lungu ke cewa? "Kun gani? Tana tsallakawa ta saki." Kwana huɗu na allura ba a ga su ba, taku uku aka gani. Da yarinyar ta mutu, Haulat ta cinye ta. Da ta rayu, Haulat ta saki. A nuna mini ƙofar fita daga wannan ɗaki. Na karanta littattafai sun fi nauyina, babu wanda ya nuna mini.

Litinin, 1 ga Satumba

Mai shagon kan kwana ya ce Haulat ta ajiye kuɗin a kan kanta, ba ya karɓa hannu da hannu. Yara sun bi ta har bakin titi suna "kurwata kur!" Na fita da muciya, suka watse, iyayensu mata na leƙe ta labule.

Na haɗu da Mairo a wurin niƙa. Ta san gaskiya, ita ta kwana a asibitin. Na tsaya a gabanta. Ta ce a hankali, "Malama, ni mi zan ce? Uwar miji ce." Na ce ki ce abin da likita ya ce. Ta ɗauki ƙullunta ta wuce.

Babban zanen yana jingine da ramin a tsakiya, ana hango bulon bango ta ciki. Na ce ta jefar. Ta ce haka za ta kai shi. Kuma ba ta daina ba, kullum tana durƙushe a kan wani sabo, toka-toka da baƙi, tana shafawa tana kankarewa da wuƙa. Ban tambaye ta mene ne ba. Na daɗe a tsaye dai.

Litinin, 15 ga Satumba

An koma makaranta. Firamaren kuɗin da take koyarwa sun ce ta ɗan huta, iyaye sun ga bidiyo. "Ba mu muka ce ba, Malama Haulat, amma kin san mutanenmu."

Haliru ya bugo. "Yaya, tun farko na faɗa, zanen nan ba alheri. Ki turo ta a yi mata ruƙiyya." Na ce kai za a yi wa. Na ce da ka bar ta tana zana fuskar uwarka da yau ba mu ga wannan ba. Ya ce in ji tsoron Allah. Na kashe.

Na gaya wa Haulat babu inda za ta, gidan nan nawa ne, kotu zan kai su a kan ƙazafi, tsohuwar da mai bidiyon da mai makarantar, duk. Ta bar ni na gama, ta ce, "Gwaggo, alƙali zai iya hana mutum jin tsoro?" Wata ƙawarta mai zane a Kaduna ta ce ta zo su zauna. Na ce guduwa amsawa ce ta biyu. Ta ce, "To."

Wannan "to" ɗin nata. Irin na ranar Juma'ar nan ne.

Asabar, 27 ga Satumba

Ta tafi. Ni na je tasha jiya na kama mata kujerar gaba da wurin kaya. Ba don na canza ra'ayi ba, direbobin nan in ba a tsaya a kansu ba sai su ɗora buhun albasa a kan aikin mutum.

Ta so mu fita da sassafe kafin lungu ya tashi. Na ce a'a, sai rana ta fito. Na ɗora zane biyu a kaina, ni Safiya, mai furfura, na bi tsakiyar lungu ina gaida kowa da sunansa, ina jira ya amsa.

Na shirya mata dogon jawabi a kan mutunci da tsayawa a kan gaskiya. A tasha na buɗe baki, na ji na ce ta riƙa kwana a gidan sauro. Ta ce, "Gwaggo, ki yafe mini rantsuwarki da na karya." Na ce mota za ta tashi.

Da na dawo, Jamila na ƙofar gida tana 'yar gala-gala da ƙafa ɗaya, ta rame, an aske mata kai, tana faɗa da wata a kan ta taka layi. Muryarta har kan kwana. Na tsaya ina kallonta. Da maganata aka bi ranar nan, da yanzu

A'a. Ba zan rubuta wannan ba.

Haulat ta bar zanen toka-tokan nan, wai bai bushe ba. Na ce zan jefa shi ɗakin ajiya. Yana falo. Bangon ne ya tsage a wurin, dole a rufe shi da wani abu.