'Yata Ba Kuturwa Ba Ce, Kirci Ke Damunta

Zuwa ga Babban Lokotoro, shugaban likitocin da ke zagaya garuruwan Damagaram suna duba jama'a.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da girmamawar da ta dace da matsayinka, ni ce Falmata 'yar Malam Bukar, haifaffiyar Birnin Zinder, mai aure a Hamdara. Mahaifina ya karantar da ni Alƙur'ani da littattafan ɗibbu na sanin magani, ƙanena da ya yi lakwal, makarantar Nasara, ya koya mini boko. Da hannuna na rubuta wannan, domin tafinta ya riga ya cuce ni sau ɗaya.

Na ɗaya. 'Yata Zara shekararta bakwai. Tun tana goye take fama da kirci a lanƙwasar hannu, da bayan gwiwa, da wuya. Yana tashi da sanyi, ya lafa da damina. Sabulun kanti na hura shi, bargon gashi na hura shi, man kaɗe na kwantar da shi. In ya tashi tana susa har jini ya ɓata mata zane, in ya warke sai ya bar farin tabo. Kakarta ma da shi ta tsufa, da yatsunta goma aka binne ta.

Na biyu. Ranar kasuwar Hamdara mutanenka suka jera yaran gari a rana, tsirara. Ƙaramin lokotoronka ya ga farin tabo a wuyan Zara, ya sa aka rufe mata ido, ya soka mata allura a wurin, wai ya ga ko naman ya mutu. Ba ta motsa ba. Ya sake sokawa. Tafinta ya tambaye ta ko ta ji, ta sunkuyar da kai. Nan take aka rubuta kuturta a babban littafi. Duk binciken bai kai tsawon alwala ba.

Ranka ya daɗe, ni na koya mata wannan shirun. A gidanmu ɗiya ba ta raki gaban manya, ba ta amsa wa baƙon namiji. Ranar da aka huda mata kunne ko ƙifta ido ba ta yi ba, mata suka yi ta guɗa. Tarbiyyar da na yi shekara bakwai ina ginawa, ita mutuminka ya auna da allura ya kira ta cuta. Da ya dubi ƙafarta, da ya ga yatsunta sun nutse cikin rairayi don zafi.

Na uku. Na matso na ce tabon kuturta ba ya ƙaiƙayi, na ce a dubi faratanta cike da jinin susa. Tafinta ya taƙaita maganata cikin kalma biyu, suka yi dariya. Daga baya na ji abin da ya ce: duk uwa ƙarya take don ta ɓoye ɗanta. Na san akwai masu ɓoyewa. Amma mai ɓoyewa ba ta kawo 'yarta sahun gaba da kitso sabo.

Na huɗu. Da gardawan gwamnati masu bindiga suka kama Zara za su tafi da ita, sai na riƙe ƙugunta. Ɗaya ya zuba mini bulala a baya har rigata ta tsage, ɗaya ya buge mini baki da gindin bindiga, haƙorana biyu suka zube a ƙasa. Sun ja ta har kafaɗarta ta goce, sannan ne ta yi ihu, ihun da duk kasuwa ta ji, kuma lokotoronka yana tsaye. Na ciji hannun gardin har na ji ƙashi. Ba na neman gafara, bakina ne kawai ya gaza.

Yau kwana goma sha tara Zara tana zangon kutare na Kara-Kara. Ba na raina mutanen wurin, su suka ɗaure mata kafaɗa, wata tsohuwa marar yatsu ce ke ba ta fura. Amma ana wanke ta da sabulun da na ce yana ƙona ta, fatarta ta tsage tana ruwa. A Hamdara an daina cin tuwona, an hana 'ya'yana jan ruwa a rijiya. Ana ta shelar 'yancin kai ya kusa. Ni dai ban ga alamarsa a bayana ba.

Ga abin da nake nema. Ka duba Zara da kanka, ina tsaye, in ba ta izinin yin magana, a kawo tafinta mai tsoron Allah. A goge kalmar nan daga littafi, a aika mai shela ya faɗa a kasuwar da aka kunyata mu. Kuma daga yau kada a soki yaron kowa sai an tambayi wadda ta goya shi. In Jumma'a ta wuce ban ji komai ba, zan shiga zangon in goyo 'yata da rana tsaka. Ka gaya wa gardawanka su zo da shiri, don wannan karon da taɓarya zan zo.

Allah ya ja zamaninka, ya raya maka zuriya, ya sa ranar da ɗanka zai kwanta ciwo a saurari uwarsa.

Wassalam.
Falmata Malam Bukar, Hamdara.