Mai Fiyano da Uwar Zumunta Sun Haɗe Mini Kai

Goggo Mai Shawara,

Don Allah ki taimake ni, maƙiya sun kewaye ni, kuma abin takaicin a cikin gidan Ubangiji ne. Ni mai gyaran agogo ne, kuma shekara shida ke nan ni ke karanta sanarwa a cocinmu ranar Lahadi. Minti biyar aka ba ni. Ba zan ɓoye miki ba, wani lokaci nakan kai arba'in, amma ai ba da son raina ba ne, Ruhu ne ke iza ni.

A cocin akwai mutum biyu da ba sa shan inuwa ɗaya, Mai Fiyano da Uwar Zumunta, wato shugabar zumuntar mata. Shekara tara ba su gaisa ba. Asalin abin, wata rana tana rera waƙa ita kaɗai a gaban jama'a sai ya ɗaga sautin fiyano, muryarta ta tsage. Ita kuma ta ce kiɗansa kamar akuya ce ke gudu a kan kwanon rufi. Tun daga nan in ta shigo ta ƙofar gaba, shi ta baya yake fita. Fastoci uku sun yi ƙoƙarin sulhunta su, duk sun haƙura.

To, Goggo, na lura mutanenmu suna ɓoye damuwarsu maimakon a taimaka musu da addu'a. Ni kuwa shagona a bakin titi yake, kafin in canza wa mutum batir na ji labarin unguwa kaf. Sai na ƙara sashen roƙon addu'a a cikin sanarwa. Lahadin farko na ce a yi wa wani ɗan'uwa addu'a, matarsa ta kwashe kayanta ta koma gidan iyayenta, har da labulen ɗaki. Ban faɗi suna ba, na ce dai mai zama a bayan fiyano. Lahadi ta biyu na ce a tuna da wata uwa mai jagorancin mata, wadda ke ce mana ɗanta yana jami'a alhali an kore shi tun bara, yana ɗakin baya yana barci. Wannan ma ban faɗi suna ba. Ki gaya mini, ina laifina?

Lahadi ta uku ina isowa sai na ga Mai Fiyano da Uwar Zumunta a bakin ƙofa suna dariya, har tana miƙa masa ruwa daga gorarta. Na tsaya ina kallonsu. Nan take na tuna Bilatus da Hirudus, masu gaba da juna da suka shirya a ranar da aka kai Yesu gabansu. Na ce a raina, yau an zo kaina.

Haka kuwa aka yi. Na karanta lokacin taron addu'a, na yi cigiyar laimar da aka manta, ina cewa yanzu sai roƙon addu'a, Mai Fiyano ya danna kiɗa da ƙarfi. Uwar Zumunta ta ɗauko waƙar yabo, mata suka miƙe da tafi. Makirufo ya mutu a hannuna. Na ɗaga murya, ganga ta danne ni. Sati uku ke nan ana haka. Abin da ya fi ƙona mini rai, na hango matata a tsakiyarsu tana rawa har ɗankwalinta na zamewa. A gida na tambaye ta, ta ce waƙar ce ta yi mata daɗi, ta wuce kicin.

Yanzu Fasto ya ce dattawa za su zauna a kan maganata, wai ko a riƙa liƙa sanarwa a jikin allo. Ni kuma ina da sauran mutum goma sha ɗaya a takarda masu bukatar addu'a. Shin in karkaɗe ƙurar ƙafata in koma wani coci, ko in sayi tawa lasifikar mai batir? Na san masu aminci ba sa rasa tsanani.

Ni ne,
Mai Shan Wuya Saboda Gaskiya

Ɗan'uwa Mai Agogo,

Na karanta wasiƙarka sau biyu, na farko da tausayi, na biyu da dariya, Allah Ya yafe mini.

Gaskiya ne Littafi Mai Tsarki ya nuna maƙiya kan haɗa kai a kan mai adalci. Amma tunda ka kawo Bilatus da Hirudus, mu ƙarasa labarin. Wanda aka kai gabansu sun bincike shi ba su sami laifi ba, kuma da Hirudus ya yi ta yi masa tambayoyi bai buɗe baki ba. Kai kuwa minti biyar aka ba ka. Ba duk wanda aka haɗe wa kai ne mai aminci ba, wani ƙafar mutum biyu ya taka a jere. Littafin nan kuma ya koyar da cewa in kana da magana da ɗan'uwanka, ka same shi ku biyu. Bai ce ka nemi makirufo ba.

Su ma ban wanke su ba. Waƙar yabo ba sanda ba ce da za a riƙa kwaɗa wa mutum, kuma ya kamata su zo su faɗa maka a fuska. Amma ka dubi abin da ka jawo. Mutumin da ke lallashin matarsa a ɓoye, yanzu da wace fuska za ta dawo ta zauna a benci? Yaron da ke jin kunyar fitowa, ka ƙara masa kwaɗo a ƙofa. Ladanka ɗaya, abin da ya gagari fastoci uku ka yi shi cikin sati biyu.

Ga shawarata. Ka yaga takardar nan ta mutum goma sha ɗaya, ka yi musu addu'a a ɗakinka da ƙofa a rufe. Ka je gidan Mai Fiyano da na Uwar Zumunta ka ba su haƙuri, kada kalmar amma ta fito daga bakinka. Ka sami Fasto kafin dattawa su zauna, ka ce ka yarda da minti biyar, kuma ba za ka sake roƙa wa kowa addu'a ba sai da izininsa. In duk da haka suka zaɓi allo, ka karɓa, kai ka riƙa liƙawa. Kada ka sayi lasifika, kada kuma ka sauya coci, can ma mutane suna da sirri.

Amma ka fara da gida. Ka sake tambayar matarka abin da ya sa ta yi rawa, ka yi shiru har ta gama, ko da za ta kai minti arba'in. Allah Ya ba ka kunnen saurare, Ya bar ku tare cikin salama.

Goggonku