Zaren Idon Sawun Kaka

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya masu jiki? Allah ya ba su lafiya, ke kuma ya tsare mana ke. Mu nan lafiya lau, sai kewarki. Direban asibitinku ya kawo jakar wankinki, na wanke da ruwan zafi yadda kika ce. Wasiƙar nan na saka ta a aljihun farar rigar.

Yau kwana ashirin da uku rabonki da gida tunda aka kai ki ɗakin masu cutar nan. Ni da 'yarki Sarkin Tambaya muna nan a hawa na uku muna kallon juna kamar kaji a akurki. Makaranta ta koma cikin waya. Ƙarfe takwas mutuniyar take saka rigar makaranta a sama, wandon barci a ƙasa, ta jingina wayar da gwangwanin sukari. Shekaranjiya na gifta ta bayanta ba ɗankwali, yara talatin suka gaishe ni. Ban taɓa yin suna irin na ranar ba.

Bayan darasi kuma Malama ta turo musu wata takarda mai ayyuka goma. Ta ce wannan na ganin dama ne, ba maki, ba duka, wanda ya so ya yi don kada zaman gida ya ishe shi. Kin san 'yarki, in aka ce ba dole ba ne, shi ne dolenta. Ta auna inuwar kujera, ta yi ganga da gwangwanayena har maƙwabta suka buga bango. Na bakwai ya ce a zaɓi wata halitta mai rai a gida, a lura da ita kwana goma sha huɗu, a rubuta cinta da barcinta da numfashinta da girmanta. 'Yan ajinsu wasu kyanwa, wasu tattabara. Ita ta shuka wake a kofi, waken ya ƙi fitowa. Sai ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kaka, ke ma ai halitta ce ko?" Na ce ban da tabbas, amma dai ina motsi.

To yanzu ni ce waken. Malama ta koya musu auna kaurin tsiro da zare, shi ne kullum da safe take ɗaura mini zare a idon sawu, ta yanke, ta manna a littafi. Na ce in na yi fure ta sanar da ni.

Kada ki damu da kira. Wayar tana hannun makaranta, in an tashi kuma caji ya ƙare. Ni takarda ta fi mini, kada aji huɗun da na yi ya tafi a banza.

Ki ci abinci. Taki,
Inna

*

Inna,

Wa'alaikumus salam. Na sami kaya da wasiƙa, na gode, Allah ya ƙara girma. Na yi dariya ni kaɗai a ɗakin canza kaya har abokiyar aikina ta leƙo.

Aiki da sauƙi ba zan ce ba. Jiya mun rasa mutum biyu. Takunkumi ya yi mini shaida a hanci. Ba su ce ga ranar da za a sallame mu ba, ko an sallame mu ma sai mun yi kwanaki a keɓe kafin mu shiga cikin iyali.

Inna, sau huɗu ina kira da yamma. Yarinyar ce take ɗauka, kullum kina banɗaki ko kina salla ko kin kishingiɗa. Muryarki nake so in ji, ko minti ɗaya ne. Maganinki fa, yana nan? In ya kusa ƙarewa ki faɗa, in ba direba.

Ki ce wa mai binciken ta turo mini littafin in gani, ina so in san yadda wakenmu yake girma.

'Yarki,
Auta

*

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Da fatan kin tashi lafiya. Mu ma lafiya. Magani yana nan, kada ki ɗora wa kanki.

Littafi kuwa ba za a turo ba. Mai shi ta ce sai kwana goma sha huɗu sun cika, ni ma kuma ban yarda a kai sirrina asibiti ba. Wace mace ce za ta so a san sau nawa take hamma?

Auta, ranar Talata an zo an ɗauki tela na hawa na biyu. Mun ji jiniya tun daga kwanar titi, muka tsaya a taga muna addu'ar ta wuce, sai ta tsaya a ƙofarmu. Mutum uku suka fito cikin fararen kaya, ba fuska sai ido. Suka sauko da shi a kujera, takalminsa ɗaya ya faɗi a matakala. Matarsa ta bi su har bakin mota, suka ce ta koma. Har yau takalmin yana nan, kowa tsallake shi yake yi. Keken ɗinkinsa da yake hana ni barcin rana ya yi shiru, wallahi yanzu shirun ne yake hana ni.

Tun daga ranar mutuniyar ta canza. Ta daina gangar. Jiya bayan azahar na ɗan kishingiɗa, ina buɗe ido na gan ta tsaye a kaina da agogon bango a hannu, leɓenta yana motsi. Na ce, "Ke, mala'ikan mutuwa ma sallama yake yi." Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Kaka, yi shiru, kin ɓata mini lissafi." Ƙirga numfashina take yi. Malama ta ce a ƙirga na kyanwa tana barci, minti ɗaya cur.

Na ce ta bar aikin nan haka, ai Malama ta ce ba dole ba ne. Ta ce to me ya sa nake so ta bari? Kin ji 'yarki. Na ce zan ba ta labarin kurar da ta shiga makaranta ta waya, ta ce in bari sai na huta, wai in ina labari ina tsayawa a tsakiyar magana. Ƙarya take yi mini, salo ne na masu labari.

Na nemi littafin da safe tana darasi, ban gan shi ba. Ta ɓoye.

Allah ya kawo mana ƙarshen wannan abu. Taki,
Inna

*

Mama,

Ina gaishe ki. Na saka wannan a cikin safarki, Kaka ba ta sani ba. Kada ki ce ni ce. Ga zare tara, na rubuta lamba a jikin kowane. Ki jera su.

Rana ta 1. Numfashi 18. Filo ɗaya. Ta cinye abinci. Ta ba ni labari biyu.
Rana ta 3. Numfashi 20. Ta kai shara ƙasa, ta huta sau ɗaya a matakala.
Rana ta 5. Numfashi 23. Filo biyu. Silifas ya ƙi shiga, ta ce shi ne ya tsuke.
Rana ta 7. Numfashi 25. Ta ce ni in kai shara. Salla a zaune.
Rana ta 9. Numfashi 28. Filo uku da bargo a naɗe. Rabin abinci. Na danna ƙafarta da yatsa, ramin bai tashi ba har na ƙirga goma.

Mama, tana buɗe kwalbar magani ta kai hannu baki ta sha ruwa. Na duba kwalbar, ba komai a ciki.

Malama ta ce in tsiro yana ƙara kauri yana da lafiya. Na mutum fa? Ban tura wa Malama ba saboda ina tsoron masu fararen kaya su zo. Kaka ba ta da zazzaɓi, na taɓa goshinta. In sun zo za su bar ni in bi ta?

'Yarki

*

Inna,

Assalamu alaikum. Ina rubuta wannan a tsaye, direba yana jira.

Na jera zaren a kan teburin aiki. Na tara ya fi na farko da kusan faɗin yatsa uku. Na nuna wa likitan da muke aiki tare, ya miƙo mini biro ya ce in rubuto miki yanzu. Inna, ni nas ce, shekara goma sha ɗaya ina ganin irin ƙafar nan. Ruwa ne yake taruwa saboda zuciya ta gaji, kuma yana hawa ƙirji. Shi ya sa ba kya iya kwanciya, shi ya sa ba kya zuwa waya. Yaushe maganin ya ƙare?

Ki saurare ni. Wannan ba cutar da ake gudu ba ce. Ba ɗakinmu za a kawo ki ba, wani gini ne daban, can bayan wurin ajiye motoci. Ba masu fararen kaya, ba jiniya. Gobe da hantsi direban nan da kika sani zai zo da Yaya. Ita za ta tafi da yarinyar zuwa gidanta, sun yi magana da mijinta, za a yi mata shimfiɗa tare da yara. Ke kuma ya kawo ki. Za a ɗauko ki a kujera, kada ki ce za ki sauko da ƙafarki.

Kada ki yi mata faɗa. 'Yar shekara tara ce, kwana tara tana ɗauke da wannan ita kaɗai.

Ina gini ɗaya da mutanen da ba nawa ba ina ƙirga musu numfashi, tawa uwar tana can jikarta ce take ƙirga mata. Don Allah, Inna, ki yarda.

Auta

*

Zuwa ga Auta,

Wa'alaikumus salam. Na karanta. Na sake karantawa.

To, an kama ni. Ni da na yi shekara sittin ina shirya wa yara labari su yarda, yau zaren ɗinki ya tona ni.

Magani ya ƙare kwana biyar bayan tafiyarki. Na ce in na faɗa miki za ki tambayi ƙafa, in kin tambayi ƙafa za ki ce in zo a duba ni. Na ga yadda ake shiga asibiti a kwanakin nan, ban ga yadda ake fitowa ba. Tela ya rasu jiya, matarsa ta waya aka gaya mata. Ko gawarsa ba ta gani ba. Ni ba mutuwar ce ta fi ba ni tsoro ba, Auta. Tsorona a fitar da ni yarinyar nan tana taga tana kallo, ko kuma in ƙi tafiya, wata rana ta zo da agogonta ta tsaya a kaina ta rasa abin ƙirgawa, ita kaɗai a gida, ƙofa a kulle. Kullum ina auna biyun nan, na kasa zaɓa. Wasiƙa kuma na riƙe ta ne don takarda ba ta haki.

Ban yi mata faɗa ba. Na kira ta na ce, "'Yar rahoto, zo nan." Ta zo, ta tsaya daga nesa. Na ce ta kawo littafin. Ashe cikin rigar filona ta ɓoye shi, wai nan ne kaɗai ba zan duba ba. A shafin ƙarshe Malama ta ce a rubuta abin da halittar take bukata don ta rayu. Ta rubuta, "Mama." Na ce rubutunta ya fi naki kyau, sai ta fashe da kuka, ni kuma numfashin lallashi ma ya gagare ni.

Na haɗa jaka. Na saka mata rigar makaranta da wandon barcin da gwangwanin sukari, don Yayarki ba ta san da shi ake jingina waya ba. Ta ce sai ta auna ni kafin mu rabu, na miƙa ƙafa.

Ina jin tsoro, Auta. Ko da daga bayan gilashi ne, ki zo in gan ki. In kuma abin ya zo da ƙarar kwana, ki gaya mata ba zarenta ne ya kai ni ba. Ki maimaita mata har ta yarda.

Ki yafe mini. Ga ƙarar mota nan a ƙasa.
Inna

*

Zuwa ga Sarkin Tambaya,

Assalamu alaikum, 'yar rahoto. Ya gidan yayar mamanki, ya makarantar waya?

Kwana huɗu ban iya riƙe biro ba, shi ya sa kika ji shiru. Nan ma akwai masu ƙirga numfashi, amma ba su kai ki ba, su sai da na'ura. Na ga mamanki ta taga, ta rame, ta ɗaga mini hannu.

Ga zare nan a naɗe, na zare shi daga bakin mayafina, wata nas ta taya ni aunawa da safen nan. Ki ɗora shi kusa da na goma ki gani da idonki, tunda maganata ba kya yarda da ita. Filo biyu. Numfashi 21. Na cinye abinci duk da ba gishiri.

Likita bai ce ga ranar fitowa ba. Ki gaya wa Malama ta ƙara miki kwanaki, aikin bai ƙare ba. Halittar tana nan, tana motsi.

Kakarki